Hattara Wajen Ɗaukar Tsohuwar Tarakta Mai Ƙafar Ƙarfe

Kowace shekara, da zarar bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a ga motocin noma suna kai da kawowa a kan hanyoyin da suka tashi daga Ƙaura Namoda, watau wadda ta nufi Shinkafi ta zarce Isa da Sabon Birni, da wadda ta bi ta Zurmi ta faɗa Jibiya. Waɗansu da ƙafarsu su ke tafiya, waɗansu kuwa a bayan tirela ko babbar mota a ke ɗauke da su, ko dai za a kai su gyara Gusau, ko an sayo su daga wani gari, ko kuwa tsufa ya ci ƙarfinsu an sayar wa 'yan gwangwan. A kan waɗannan da a ke ɗauka mu ke so mu yi magana yau, musamman tsofaffin nan masu ƙafar ƙarfe, domin mun lura mutane da yawa suna ɗaukar lodinsu tamkar lodin buhunan gero, alhali kuwa ba a taru an zama ɗaya ba. Buhu in ya zame asarar kuɗi ce, a kwashe a sake ɗurawa. Tarakta in ta zame, rai ta ke nema, kuma galibi ran ɗan dako ne ko yaron mota wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Saboda haka mu ke roƙon manoma da direbobi da makanikai su karanta wannan bayani da natsuwa, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yadda Ƙarfe Ya Shigo Ƙasar Nan

Ƙaura Namoda ba baƙuwar kayan nauyi ba ce. A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso garin, a nan kuma ta tsaya, ya zama shi ne ƙarshen dogo a wannan sashe. Tun daga ran nan gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zurmi da Shinkafi da sauran gabashin Lardin Sakkwato, a tashar Ƙaura a ke tara su, raƙuma da jakuna su kawo, jirgi ya kwasa zuwa bakin teku. Abin da ya fi ƙarfin raƙumi kuwa, irin su injuna da ƙarafa, ta dogon nan ya ke haurowa. Ma'aikatan jirgi suna da tasu ƙa'ida ta lodi wadda ba sa wasa da ita, suna da dakalin da ya yi daidai da tsayin tarago, suna da mai duba ɗauri kafin jirgi ya tashi. Da sufurin kaya ya bar dogo ya koma kan titi, sai kayan suka koma, ƙa'idar ba ta bi su ba. Kowa ya zama gwanin kansa.

Garmar shanu ta riga tarakta zuwa gonakin Arewa, gama tun 1928 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoma kaɗan huɗa da bijimai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga gwada noman inji gadan-gadan. A Mokwa an kafa babban gandu a 1949, amma zuwa 1954 ya durƙushe, domin kututture da saiwa suna ta karya garemani, ciyawa kuma ba ta daina neman hannu ba. A Lardin Sakkwato, wanda garuruwan nan uku ke cikinsa kafin a yanke Jihar Zamfara a 1996, an shigo da manyan katafiloli a farkon shekarun 1950 domin kaftun fadamun shinkafa, manomi ya biya ladan kowace eka. Daga baya aka samu taraktocin haya na gwamnati, aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, aka kuma yi zamanin da a ke harhaɗa taraktocin Fiat a Kano da na Steyr a Bauchi. Kowane zamani daga cikin waɗannan ya bar gawarwakin injuna a bayan ma'aikatu da gindin bishiyoyi, su ne kuwa yau a ke tonowa a ɗora a mota.

Mece Ce Mai Ƙafar Ƙarfe?

Yaran yanzu sun buɗe ido sun ga tarakta da taya, suna tsammani haka aka halicce ta. A'a. Taraktocin farko duk da ƙafar ƙarfe suka zo. Wadda ta fi suna cikinsu ita ce Fordson, wadda kamfanin Ford na Amurka ya fito da ita a 1917, aka ƙera fiye da rabin miliyan. Nauyinta wajen kilo 1,200 ne, a kan tayar da ita da fetur sa'an nan ta koma shan kananzir. Ƙafafunta na baya faffaɗan zoben ƙarfe ne da aka jera wa haƙora domin su kama ƙasa. Ta kuma yi ƙaurin suna wajen ɗaga gaba ta kife ta baya in garma ta sarƙe, ta danne mai tuƙi. Sai a 1932 kamfanin Allis-Chalmers ya fara sayar da tarakta mai tayar iska, kafin shekara goma kuwa roba ta kori ƙarfe a yawancin sababbi, ko da ya ke ƙarancin roba na lokacin yaƙi ya sa an ɗan koma wa ƙarfen. 'Yar tokar nan Ferguson da aka fara ƙerawa a Ingila a 1946, wadda ta bazu ko'ina, da taya aka fi saninta.

To, kada mai karatu ya ce ai a garinsu babu irin ta 1917, saboda haka maganar ba tasa ba ce. Ƙafar ƙarfe iri huɗu ce a wurinmu. Akwai tsohuwar ta asali mai haƙora. Akwai katafila mai tafiya a kan sarƙa. Akwai ƙafafun kejin nan da a ke ɗaura wa tarakta ko ƙaramin injin huɗa na hannu domin shiga laka a fadamun shinkafa. Sa'an nan akwai wadda ta fi su yawa, watau taraktar da ta yi shekaru a yashe har tayoyinta suka ruɓe, ba abin da ya rage sai ƙarfen da taya ke zama a kansa. Duk huɗun nan halinsu ɗaya ne a bakin tirela.

Abin Da Ya Sa Ƙarfe Ya Fi Haɗari

Taya tana da kirki iri biyu. Na farko tana kama abin da ta taka. Na biyu tana lotsawa, ta shanye gargada. Ƙarfe ba shi da ko ɗaya. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi kamar sabulu a kan tangaran, balle in raɓa ta sauka, ko yayyafi, ko baƙin mai ya ɗiga. Tarakta mai ƙafar ƙarfe a kan matakalar ƙarfe ba gaba da baya kaɗai ta ke zamewa ba, har gefe ta kan sulale, kuma ba ta sallama kafin ta yi haka.

Haƙoran kuma suna da tasu fitina. In haƙori ya bugi bakin matakala ya kan tura ta gaba ta kuɓuce daga tirela. In ya hau, ƙafa ɗaya ta kan kama ɗayar ta ƙi, sai tarakta ta juya kai ta nufi gefe. A lokacin da ta ke hawa, nauyinta duka a kan haƙora biyu ko uku ya ke tsayawa, wurin da bai wuce tafin hannu ba, shi ya sa ta ke huda falankin da mota ta taka ta wuce lafiya. Ƙari a kan wannan, birkin tsofaffin nan ba abin dogaro ba ne. Waɗansu tun daga ma'aikata birkinsu bai taka kara ya karya ba, waɗansu kuwa tsatsa ta cinye shi tun tuni. Kulocinsu kuma ba ya saki a hankali, fizga ya ke yi. Wanda ya haɗa santsi da fizga da rashin birki a kan gangara, ai ya san abin da ya saya.

Shirin Kafin Lodi

Abu na farko shi ne a san nauyin kayan. A duba farantin da ke manne a jikin inji, ko a tambayi makanikin da ya san irinta. Ƙananan tsofaffi su kan kama daga ton ɗaya zuwa uku, katafila kuwa ta kan ninka haka sau da yawa, ba ta da abin ɗauka sai tirelar nan mai ƙasa-ƙasa da aka yi dominta. A gwada nauyin da ƙarfin motar, da na tayoyinta, da na birkinta. In motar ba ta isa ba a haƙura a nemi wata. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Na biyu, a duba ita kanta taraktar. Wadda ta daɗe a kwance ta zama gidan maciji da kunama da rina, saboda haka a share kewayenta, a bubbuga ta da sanda kafin a sa hannu. A ɗaga kowace ƙafa da jak a ga ko tana juyawa, a zuba mai inda ya cije, a sa falanki a ƙarƙashin wadda ta nutse cikin ƙasa. Kada a ce sai an tayar da ita ta hau da kanta. Hannun tayar da inji irin na dā in ya mayar da martani ya kan karya tsintsiyar hannu, injin da ya yi shekara goma bai yi tari ba kuwa babu mai iya lamunce halinsa. A cire garma da duk abin da ke rataye, a yi musu nasu ɗauri dabam. In haƙoran na noti ne, a kwance su a zuba a buhu, wahalar sa'a biyu ce wadda za ta rage rabin haɗarin.

Na uku, a zaɓi wuri. A sami fili mai tauri wanda ya daidaita, ba rairayi ba, ba bakin kwalbati ba, ba kuwa inda ya karkata ba. Mafificiyar dabara ita ce wadda masu lodin shanu a kara suka daɗe da sani, watau a jingina bayan mota da tudun ƙasa, ko a haƙa rami mai gangara motar ta shiga da baya, har dandamalinta ya yi daidai da ƙasa. In an yi haka babu hawa sam, turawa ce kawai. Kuɗin 'yan haƙa bai kai kuɗin ɗorin ƙafa ɗaya ba.

In ba hali sai da matakala, to ta zama doguwa. Ƙa'idar da mu ke ba da shawara ita ce kowace ƙafa ɗaya ta tsayi a ba ta ƙafa huɗu na tsawo, watau dandamali mai tsayin ƙafa 3 yana bukatar matakala mai ƙafa 12. A shimfiɗa mata falanki mai ƙwari mai kaurin inci 2, a kafe shi da noti, ko a yanka tsohuwar taya a shimfiɗa a buga. A ɗaure kan matakalar da jikin tirela da sarƙa ko ƙusa, kada a ɗora kawai. A tokare tsakiyarta da gungume. Dandamalin ma in na ƙarfe ne a yi masa shimfiɗar katako a kafe.

Akwai wani tarko da ke kama masu ƙaramar tirela irin wadda a-kori-kura ke ja. Sa'ad da tarakta ta taka wutsiyar tirela, nauyinta ya kan ɗaga gaban tirelar, gaban kuma ya ɗaga bayan motar. Birkin hannu kuwa a ƙafafun baya ya ke. Da sun bar ƙasa sai mota da tirela da tarakta su gangara tare, babu kowa a sitiyari. Maganin wannan shi ne a tokare ƙarƙashin wutsiyar tirela da gungume, a sa weji gaba da bayan tayoyin motar har da na gaba, kuma kada a kuskura a yi lodi tirela ba ta haɗe da abin da ke janta.

Hawa

Hanyar da ta fi lafiya ita ce a jawo taraktar da na'urar jan kaya mai naɗe waya, ko keken sarƙa irin wanda makanikai ke ɗaga inji da shi, babu kowa a kan kujera. A daidaita ta sosai da matakala tun daga ƙasa, a ɗaure sitiyari, a sa ƙugiya a jikin ƙarfe mai ƙwari na ƙasa, a ja sannu sannu. Mutum biyu su bi ta gefe da weji mai dogon mariƙi, duk taƙin da ta ci su matsar. Kada kowa ya tsaya a bayanta, kada kowa ya tsaya tsakaninta da kan mota, kada kuma a tsaya daidai da wayar, domin waya in ta tsinke bulala ce mai yanka nama. A yafa mata jiƙaƙƙen buhu a tsakiya domin ya kashe ƙarfinta in ta katse.

In kuwa taraktar mai rai ce, kuma dole ta hau da ƙarfinta, to wanda ya saba da ita ya hau, ba mai koyo ba. Ya sa giya mafi ƙanƙanta, ya rage wuta, ya haɗa birkin hagu da na dama in rabe su ke. Hawa da baya ya fi, gama kusan kashi biyu cikin uku na nauyin tarakta a ƙafafun baya ya ke, in ta fuskanci tudu da gaba ta kan so ta ɗaga kai. In ya fara hawa kada ya canja giya, kada ya taka kuloci a tsakiyar matakala. In ya ga ta karkace, ya koma ƙasa a hankali a sake daidaitawa, kada ya ce zai gyara da sitiyari a sama.

Mai ba da umurni kuma ya zama mutum ɗaya tak, ya tsaya inda direba ke ganinsa. Mun san halin wurin lodi a garuruwanmu, da an fara sai 'yan kallo su yi dafifi, wannan ya ce “Taho!” wancan ya ce “Karya dama!” har direba ya rasa ta wa zai bi. A kori yara nesa tun kafin a fara. Amma kalma ɗaya kowa yana da ikon faɗinta, ko ƙaramin yaron mota ne. In ya ce “Maigida, tsaya!” to a tsaya, a ji dalili daga baya.

Zama Da Ɗauri

In ta hau, a tsayar da ita a tsakiya, hagu da dama daidai. A babbar mota a sa nauyinta tsakanin ƙafafun gaba da na baya. A ƙaramar tirela kuwa a matsar da ita har wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin ya kasance gaba da ƙafafun tirelar, abin da ke danna mahaɗi ya kai kashi 10 zuwa 15. In nauyi ya koma baya, tirela ta kan fara rawa da wutsiya in an yi gudu, har ta kayar da motar da ke janta. Sa'an nan a sa ta cikin giya, a ja birki in akwai, a rufe mai, a cire batir, a toshe bakin salansa. A yi wa kowace ƙafa weji gaba da baya, a buga wejin da ƙusa a jikin dandamali.

Yanzu sai ɗauri, nan ne kuwa a ka fi yin sakaci. Bari mu yi lissafi. Masana sufuri na Turai da Amurka sun tsayar da cewa in direba ya taka birki da ƙarfi, kaya su kan tunkuɗo gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, a kwana kuma su tura gefe da rabin nauyinsu. Ke nan tarakta mai ton 2 za ta nufo kan mota da ƙarfin kilo 1,600, kwatankwacin buhun masara 16 a jefo su gaba ɗaya. Wace igiyar rama ce za ta tare wannan? Wane ɗan kyauren bayan direba ne zai tsaya masa?

Saboda haka sarƙa a ke so, guda huɗu, kowace kusurwa da tata. Biyun gaba su ja gaba da ƙasa, biyun baya su ja baya da ƙasa, kowace kuma ta ɗan buɗe zuwa gefe, yadda taraktar za ta zama kamar an ɗaure sa a turke huɗu. Na baya su ne masu babban aiki, domin su ke riƙe ta ranar da akuya ta gitta aka taka birki. Dokar Amurka ta wajabta ɗauri huɗu ga duk injin da ya kai kilo 4,500, ta kuma ce ƙarfin sarƙoƙin in an tara kada ya gaza rabin nauyin kayan. Mu dai muna ganin a yi huɗun ko da ƙarama ce, saboda halin hanyoyinmu. Sarƙar lodi ta ainihi tana da lamba 7 ko 70 a jikin zobbanta, mai kaurin milimita 10 tana ɗaukar wajen ton 3. Wadda ba ta da lamba, ko da kaurinsu ɗaya, a lissafta ta ƙasa da rabin haka. Wadda aka yi wa walda, ko aka haɗa da noti, ko zobenta ya miƙe, a bar ta ga ɗaurin kyauren shago.

A lura da inda a ke maƙala ƙugiya. A nemi ƙarfen jan garma da gangar jikin taraktar. Kada a ɗaura a sandar sitiyari, ko bututu, ko gindin lagireto, ko siraran ƙarafan cikin ƙafa. Yawancin jikin tsofaffin nan ƙarfen zubi ne, irin na tukunya, ba ya lanƙwasa, fashewa ya ke yi. Abin ɗame sarƙa mai mariƙi kuma a yi hankali da shi, ya kan kuɓuce ya bugi haɓa. A tsaya a gefensa, kada a ƙara masa bututu domin neman ƙarfi, in an rufe a ɗaure mariƙin da waya.

A Kan Hanya

Ga wani abu da direbobi da yawa ba su sani ba. Tarakta mai taya in an ɗame ta, tayar ta kan lotsa ta riƙa mayar da ƙarfi, sarƙa ta zauna a miƙe. Mai ƙafar ƙarfe kuwa kowane rami aka faɗa haƙoranta su kan ƙara nutsewa cikin falanki, ta yi ƙasa kaɗan, sarƙar da aka bari kamar tsirkiya ta koma lako-lako. Sarƙa mai sako-sako kuwa fizga ɗaya ke tsinka ta. A Amurka doka ta ce a sake duba ɗauri kafin a cika kilomita 80. A hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko ta Zurmi, mu mun ce a duba tun kafin a fita gari, a kuma sake dubawa a kowane babban gari.

Mun san abin da mai karatu zai ce. Rashin tsaron da ya addabi wannan yanki fiye da shekara goma ya sa babu direban da ke son tsayawa a daji, kowa so ya ke ya taka wuta ya wuce. Gaskiya ne, ba kuwa za mu ce wa kowa ya tsaya inda ransa bai kwanta ba. Amma wannan shi ne ma dalilin da ya sa dole a kyautata ɗauri tun daga gida, domin wanda kayansa suka zame a dokar daji ya haɗa haɗari biyu. A yi lodi da yamma, a kwana, a sake ɗamewa da safe, a tashi da rana tsaka-tsakin masu tafiya, a tambayi labarin hanya a tasha, a kuma ƙayyade tun farko garuruwan da za a tsaya. A guji ranar Alhamis in hanyar Shinkafi za a bi, domin cinkoson 'yan kasuwa. Da damina a tambayi halin gadoji da kwalbatoci, gama Gagare da Bunsuru da 'yan rafukansu in sun kawo su kan ci gefen hanya.

A tafi da matsakaicin gudu, a rage tun kafin kwana, a bar rata mai yawa. A auna tsayin kayan saboda wayoyin lantarki na cikin gari, abin da ya fito gefe a ɗaura masa jan ƙyalle. Babban gargaɗinmu kuwa shi ne kada a ɗauki fasinja a bayan motar, ko mutum ɗaya, ko ɗan'uwan mai kaya ne, ko ya yi magiya. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa a 1988, in sun tsayar da irin wannan lodi, aikinsu su ke yi, a ba su haɗin kai.

In an isa kada a yi gaggawar kwancewa. A duba ko kayan sun jingina a kan wata sarƙa. A fara maƙala wayar ja a ɗame ta, sa'an nan a saki sarƙoƙi ɗaya bayan ɗaya, weji shi ne na ƙarshe. Sauka ta fi hawa wuya, domin yanzu nauyi ne ke ja, mutane kuma sun gaji, hankalinsu ya koma gida.

Kada A Narkar Da Tarihi

Muna da roƙo guda kafin mu ajiye alƙalami. A Ingila da Amurka akwai ƙungiyoyin da ke neman irin waɗannan tsofaffin taraktoci, su gyara su, su yi musu fenti, su kai su bukukuwan nunin amfanin gona domin jikoki su ga abin da kakanni suka yi noma da shi. Mu kuwa a kilo mu ke sayar da namu, a sare da wuta a kai maƙera. Ba mu ce kada talaka ya ci kuɗin ƙarfensa ba. Amma in an sami wadda ta cika tsufa, mai ƙafar ƙarfe ta asali ko katafilar zamanin En'e, ya kamata a sanar da hakimi ko sarki kafin a sa mata wuta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, wuri ne da ya dace a ajiye ɗaya ko biyu, ɗalibai su kwance su ɗaura su ga yadda aka faro. Masarautun Ƙaura da Zurmi da Shinkafi in sun sa baki, abin ba zai gagara ba.

To, jama'a, ga bayani mun kawo. Falanki da weji da sarƙa huɗu da haƙurin rabin yini, su ne dukan abin da a ke nema, kuɗinsu kuwa bai kai na taya ɗaya ba. Mai kaya ya tanada, direba ya ƙi tashi in ba a tanada ba, shugabannin tasha kuma su tsaya a kan haka. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai kowane matafiyi gida, amin.